YADDA AKE GANE ƊAN'UWA YA FAƊA SHAN ƘWAYA

 

Wata shekara da damina na je rangadi wani ƙauye a jahar Maraɗi, domin duba ajin karatun manya. Da aka tashi, sai wani dattijo daga cikin ɗalibai ya ja ni gefe. Ya fiddo wata ƴar takarda mai ƙyalli daga aljihu, irin wadda ake ɓalle ƙwayar magani daga cikinta. Ya ce: "Malam, na harhaɗa baƙaƙen nan, amma ban gane abin da suke nufi ba. Uwar ɗana ce ta same ta a aljihunsa za ta yi wanki."

Na karɓa na duba. An rubuta Tramadol, an sa lamba 225.

Na tambaye shi halin yaron. Ya ce: "Ai duk garin nan babu manomi kamarsa. Shi kaɗai yana nome abin da mutum uku suke nomewa. Ba ya jin rana, ba ya neman fura."

Na ce: "To, Baba, da safe fa, kafin ya fita gona?"

Dattijo ya yi shiru. Can ya ce: "Da safe kam, babu mai iya yi masa magana."

Wannan amsa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami yau. Da yawa daga cikinmu, idan an ce mashayin ƙwaya, sai mu tuna da wani ɗan tasha mai dattin riga, yana tangaɗi a bakin hanya. Ba mu tunanin manomin da ake yabo, ko ɗan kabu-kabun da ke kawo cefane, ko matar da ke daka tun asuba. Shi ya sa muke makara. Mai shan ƙwaya yana iya ɓoye wa gari, amma ba ya iya ɓoye wa wanda yake kwana gida ɗaya da shi, in dai ya san abin da zai duba.

WACE ƘWAYA CE WANNAN?

Tramadol, wadda mutanenmu suke ce wa tiramol, magani ne na gaskiya. A ƙasar Jamus aka ƙirƙiro ta, aka fara sayar da ita a 1977, domin rage ciwo mai tsanani, kamar na karaya ko na bayan aikin tiyata. Wadda likita yake rubutawa yawanci miligiram 50 ce ko 100. Ko babban mutum mai fama da ciwo, ba a yarda ya wuce miligiram 400 a yini ba.

Amma wadda ake samu wajen ƴan tebur da masu tallar magani a kasuwa, a kan takardarta ana ganin 120, ko 200, ko 225, ko 250. Ku duba da kyau: ƙwaya ɗaya mai lamba 225 ta fi ƙwaya huɗu masu lamba 50. Wanda ya sha biyu ya riga ya wuce iyakar yini. Mafi yawan irin wannan daga Indiya ake yo ta, ta sauka a tashoshin ruwa na bakin teku, kamar Kwatano da Lome da Legas, sannan ta hauro zuwa ƙasarmu a ɓoye. A watan Satumba na 2017 jami'an tsaro sun kama fiye da ƙwaya miliyan 3 a Nijar. A 2018 Indiya ta tsaurara dokar fitar da ita. Daga baya sai wasu ƙwayoyi masu kama da ita suka shigo da sababbin sunaye, kamar Tafrodol. Suna ya sake, illa ba ta sake ba.

Bayan tiramol akwai diyazefam, ƙwayar sa barci, da maganin tari mai kodin, da wiwi, da sholisho, wato danƙon da masu faci suke liƙe taya da shi. Sau da yawa mutum ɗaya yana haɗa biyu ko uku.

TA ƘOFAR AIKI TAKE SHIGA

A karkara ba don nishaɗi ake fara shan tiramol ba. Ruwa ya sauka, haki ya taso, noman farko bai ƙare ba ga maimai ya zo. Ɗan barema yana so ya gama gonar wani da wuri ya kama ta gaba. Wajen gayya, saurayi ba ya so a bar shi baya. Sai aboki ya miƙo masa ƙwaya ya ce: "Sha wannan, maganin gajiya ne." Wani kuma a cikin kofi ko shayi ake jefa masa. Haka abin yake ga masu haƙar zinariya, da masu dako, da masu tura baro, da matasan da suka tafi bida.

Gaskiyar magana ita ce ƙwaya ba ta ƙara wa kowa ƙarfi. Ƙarfi daga tuwo da fura da barci yake zuwa. Abin da take yi shi ne ta toshe jin gajiya da jin ciwo. Gajiya kuwa saƙo ne da jiki yake aikowa cewa a huta. Ku ɗauki misalin jakin amalanke. Idan ya gaji yakan tsaya. Da a ce an hana shi jin gajiya, zai yi ta jan kaya har ya faɗi. Wanda ya sha ƙwaya ya shiga gona, bashi ne yake ci a jikinsa, kuma jiki ba ya yafe bashi.

MENE NE KAMUWA?

Da farko ƙwaya ɗaya tana isar mutum yini guda. Bayan ƴan makonni jiki ya saba, ɗaya ba ta yi masa kome, sai biyu, sai uku. Daga nan sai abin ya juye. Da can yana sha don ya yi aiki fiye da kowa. Yanzu yana sha don kawai ya iya tashi tsaye kamar kowa. Idan bai samu ba, sai jiki ya rikice. Wannan shi ne kamuwa. Yana so ya bari, ya kasa. Yana ganin ɓarnar da idonsa, amma yana ci gaba. Likitoci sun ɗauki wannan a matsayin cuta, kuma cuta ce da ake jinya.

ALAMA TA FARKO: KU DUBA SAFIYA

Wanda ya kamu da tiramol, da dare ƙarfinta yana fita daga jikinsa. Saboda haka safiya ce take tona shi. Yana tashi da ƙyar. Yana ta hamma, hanci yana zubar da majina, ido yana hawaye, kamar mai mura. Gaɓoɓi suna ciwo, zufa tana karyo masa ko da akwai sanyi. Hannu yana rawa. Ransa a ɓace, ko gaisuwa ba ya son amsawa.

Sai ya fita ba tare da ya karya kumallo ba. Kafin a jima ya dawo garau, fuska a sake, baki ya buɗe, ya saɓi hauya. Ku tambayi kanku: wace mura ce take warkewa cikin awa ɗaya, kuma ta dawo kowace safiya? Idan kun ga haka kwana da kwanaki, to, ruwa ba ya tsami banza.

Ku lura kuma da ranar da abin ya yanke masa, kamar ranar da ba kuɗi, ko ranar da aka yi tafiya wani gari. Zai kasa zama wuri ɗaya, barci ya ƙi zuwa, ciki ya murɗa, wani har da amai da zawo.

ALAMOMI A JIKI

Kowane abin maye da irin tambarin da yake bari.

Mai shan tiramol ko kodin: ɗan baƙin da ke tsakiyar idonsa yakan ƙanƙance. Yana yawan susa, musamman a fuska da hanci. Bakinsa yana bushewa. Bayan gida yana yi masa tauri, ya yi kwanaki bai zaga ba. Ba ya son abinci, yana ta ramewa. Wani lokaci yana cikin hira sai gyangyaɗi ya kwashe shi. Babbar alama kuma ita ce faɗuwa: saurayin da bai taɓa farfaɗiya ba tun yana yaro, rana ɗaya ya yanke jiki ya faɗi yana fizge-fizge. Tiramol mai yawa tana jawo wannan. Kafin a ce iskoki ne, a duba aljihunsa.

Mai shan diyazefam: harshensa yana nauyi, magana tana jan ƙafa, yana tafiya yana tangaɗi kamar mashayin giya alhali ba warin giya. Yana barci mai nauyi, yana yawan mantuwa.

Mai shan wiwi: idonsa ja, tufafinsa suna warin hayaƙi wanda ba na taba ba, yana dariya ba dalili, daga baya yunwa ta kama shi ya ci abinci da yawa.

Mai shaƙar sholisho: wannan ya fi kama yara ƙanana. Za a ji wari mai ƙarfi a bakinsa da rigarsa. Ana ganin ƙuraje ko gyambo a gefen hanci da baki. Kullum akwai ɗan tsumma ko leda dunƙule a hannunsa.

ALAMOMI A HALI DA A GONA

Labarin zuciya a tambayi fuska, amma labarin ƙwaya a tambayi hali. Abin da za ku duba shi ne canji. Yaron da aka sani da kunya ya fara ɗaga wa uwarsa murya. Mai haƙuri ya zama mai saurin hannu, yana dukan ƙannensa ko matarsa. Ya bar tsofaffin abokansa, ya koma wata fada da ba a san mutanenta ba. Yana kwana ido biyu, ya wuni yana barci. Salla tana wuce shi, wanka ya zama aiki. Yana kulle jakarsa, ba ya so a taɓa rigarsa. Ƙarya ta yi yawa, ko a kan abin da bai kai a yi ƙarya ba.

Gona ma tana ba da shaida. A shekarar farko aikinsa yana ba mutane mamaki. A shekara ta biyu ko ta uku sai a ga aiki ba tsari: yau ya nome kamar zai kashe kansa, gobe da jibi yana kwance. Yana sare hatsi tare da haki. Yana jin rauni da hauya ko lauje bai ma sani ba, sai an nuna masa jini. Mai babur kuma hatsari ya yi ta bin sa.

ALAMOMI A ALJIHU DA A RUMBU

Ƙwaya ba kyauta ake ba da ita ba. Mu yi lissafi tare, kamar yadda muke yi a aji. Mu ɗauka mutum yana kashe dala 100 kowace rana, wato tamma 500. A kwana 30 ya kashe jika 15. A shekara ya kashe jika 182 da dala 100. Kowa ya je ya tambayi kuɗin buhun hatsi ko na buhun taki a kasuwarsu, ya ga buhu nawa ke nan. Kuma mun riga mun ce abin ƙaruwa yake yi, ba ya raguwa.

Daga ina kuɗin suke fitowa? Da farko daga guminsa. Yana aiki, amma ba a ganin abin da ya samu. Daga baya sai bashi. Daga baya sai gida ya fara yoyo: tiyar hatsi ta ɓace, dami ya ragu a rumbu, kaza ta yi ɓatan dabo, irin shuka ya tafi kasuwa, kuɗin adashin uwa ya yi ƙafa. Idan kaya suna ɓacewa kuma ba ɓarawon da ya haura katanga, a duba cikin gida.

Ku da kuka koyi karatu, ga inda karatunku zai yi amfani. Idan kun tsinci takardar magani a ɗaki, ko bayan ɗaki, ko a gindin iccen da ake hutawa a gona, ku karanta suna da lamba. Idan kun kasa, ku kai wa likita ko malamin ajinku.

MATA MA SUNA CIKI

Kada a ɗauka matsalar samari ce kaɗai. Mace mai daka da ɗiban ruwa da itace, ga goyo, ga ciwon baya, ita ma ana sayar mata da "maganin gajiya". Wata kuma damuwar gida ce take hana ta barci, sai ta fara shan ƙwayar barci. Mace ta fi iya ɓoyewa saboda kunya. Ga mai ciki da mai shayarwa hatsarin biyu ne, domin ƙwayar tana kaiwa ga ɗan da ke ciki, tana kuma bi ta nono. Idan jariri yana barci fiye da kima, ba ya iya kama nono, a gaggauta kai shi asibiti, uwar kuma ta faɗi abin da take sha.

KADA A YI SAURIN ZARGI

Alama ɗaya ba ta isa hujja ba. Zazzaɓin sauro yana sa zufa da ciwon gaɓoɓi. Tarin fuka da ciwon suga suna sa rama. Ƙura da rana suna sa jan ido. Farfaɗiya cuta ce da take kama wanda bai taɓa ganin ƙwaya ba. Yaro mai tashen balaga yakan canza hali. Baƙin ciki ma yana sa mutum ya ƙi abinci, ya ƙi mutane. Sai alamomi sun taru, na jiki da na hali da na aljihu, kuma sun daɗe, sannan a yi zato. Ko an yi zaton, magana ta zauna cikin gida. Sunan da aka ɓata a bakin rijiya yana da wuyar gyara.

IDAN AN TABBATA, ME ZA A YI?

Na farko, a zaɓi lokaci. Kada a yi masa magana yana cikin maye, ko da sassafe lokacin da jikinsa yake a rikice. A bari sai ya natsu, a keɓe, ba gaban ƙanne ko maƙwabta ba.

Na biyu, a zaɓi mai magana. Wani yaro ba ya iya buɗe baki gaban mahaifinsa, amma yana sakewa da kawunsa, ko kakarsa, ko yayarsa. A faɗi abin da aka gani, ban da zagi. Misali kawu ya ce: "Ɗana, na ga ka rame, na ga safiya tana yi maka wuya, ga kuma takardar da aka tsinta. Ba na zo in tona maka asiri ba ne. Gaya mini tun yaushe, mu san abin yi." Sau da yawa zai musa a karon farko. Kada a yi fushi, a sake komawa.

Na uku, a tafi asibiti tare da shi, a riƙe takardar ƙwayar. A gaya wa likita gaskiya: wace iri, guda nawa a yini, tun yaushe. Wanda ya daɗe yana shan mai yawa, bai kamata ya yanke rana ɗaya shi kaɗai ba, musamman mai shan diyazefam, domin yankewa farat ɗaya tana iya jawo faɗuwa da fizge-fizge. Likita ne ya san yadda ake ragewa sannu a hankali. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, za a tura ku gaba. A babban asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen masu lura da lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Na huɗu, a yi haƙuri. Wahalar bari ta fi tsanani a kwanakin farko, tana sassautawa cikin mako ɗaya ko biyu. Amma kwaɗayin abin yakan daɗe watanni. A ba shi abinci da ruwa isasshe. A rage masa aiki, kada a auna shi da aikin da yake yi lokacin da yake sha. A raba shi da mai sayar masa. Kada a riƙa ba shi kuɗi a hannu, a saya masa abin da yake bukata. Idan ya koma, ba a ce aiki ya ɓaci ba. Manomi ba ya barin gona don haki ya sake tsirowa, maimai yake yi.

Abin da ba a yi kuwa shi ne duka, da ɗauri da mari, da kora daga gida. Bulala ba ta fitar da ƙwaya daga jini, sai dai ta koya wa yaro ɓoyo. Wanda aka kora, wajen masu sayarwa zai koma kwana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Addu'a da nasihar malamai suna ƙarfafa zuciya, a haɗa su da zuwa asibiti.

Masu sayarwa kuma doka tana kansu. Ƙasarmu tana da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 23 ga watan Satumba na 1999, akwai kuma hukumar OCRTIS mai farautar masu fataucinsu. Idan an san mai sayarwa a gari, a sanar da maigari, shi kuma ya kai magana ga jandarmomi ko ƴan sanda.

IDAN YA FAƊI FA?

Idan mutum ya faɗi yana fizge-fizge, a janye wuta da ƙarfe da duwatsu daga kusa da shi, a sa tsumma ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko icce a baki. Idan ya lafa, a kwantar da shi ta gefe ɗaya, domin kada amai ya shaƙe shi.

Idan kuma barci ne mai nauyi, an tashe shi bai tashi ba, numfashi yana fita da ƙyar ko yana minshari mai ƙarfi, leɓɓansa sun sake launi, wannan ba barci ba ne, ransa ne yake cikin hatsari. Kada a ɗura masa nono ko manja ko ruwa, domin suna iya bi ta hanyar numfashi. Kada a ce a bari sai safe. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota ko amalanke, a kai shi asibiti nan take, tare da takardar abin da ya sha.

MU KOMA GA DATTIJON NAN

Da rani na sake bi ta ƙauyen. Dattijo ya tare ni da fara'a. Ya ce kawun yaron ne ya yi masa magana, sai a zama na uku ya amsa. Sun je asibiti. Ya koma sha sau ɗaya, suka sake kai shi. Ya ce: "Malam, yanzu aikin mutum ɗaya yake yi. Amma da safe yana zuwa ya gaishe ni."

Ƴan'uwa, kowace shekara ranar 26 ga watan Yuni ake tunawa da yaƙi da miyagun ƙwayoyi a duniya, bisa shawarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke a 1987. A wurinmu ranar tana faɗowa a farkon damina, daidai lokacin da masu tallar "maganin gajiya" suke cin kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa wanda bai iya ba. A aji kuma a tattauna waɗannan tambayoyi:

1. Wane lokaci na yini ne ya fi nuna wanda ya kamu da tiramol, kuma don me?
2. Idan mutum yana kashe dala 60 kowace rana, nawa ya kashe a kwana 30?
3. A gidanku, wa ya fi dacewa ya yi wa yaro magana idan an ga alama?

Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka. Amin.